Ƙasar da Ta Kori Leburorinta, Kokonta Ya Mutu

Ikwatoriyal Gini ita ce kaɗai ƙasa mai cin gashin kanta a Afirka da ake mulki da Sifaniyanci, kuma mutanenta ba su kai na jihar Kebbi yawa ba. Tana kusa da mu fiye da yadda ake zato: tsibirinta na Biyoko, wanda a da ake kira Farnando Po, yana cikin teku daura da Kalaba, kuma 'yan kasuwa Hausawa sun daɗe suna zaune a Malabo da Bata. Kafin ta samu 'yancin kai daga Sifaniya a ranar 12 ga Oktoba 1968, koko ne arzikinta, amma ba 'yan ƙasar ke nome yawancinsa ba. Tun yarjejeniyar 1942 tsakanin Turawan Ingila da Sifaniya ake ɗibar leburori daga kudu maso gabashin Nijeriya, su yi sharar gona, su fasa kwanson koko, su shanya. Da shugaban farko, Masiyas Ngema, ya koma kisa da ɗauri, aka riƙa hana leburorin haƙƙinsu ana dukansu, sai Nijeriya ta kwashe dubban 'yan ƙasarta a 1975 da 1976. Gonaki suka koma daji. Ba fari ne ya kashe kokon ba, ba kuma faɗuwar farashi ba. Mutanen da ke aikin ne suka daina amincewa da hukuma.

Wani zai ce ai fetur ya rufa asiri. Gaskiya ne, bayan Obiyang Ngema ya hamɓarar da Masiyas a 1979, an gano rijiyar man Zafiro a 1995, kuɗi suka shigo, aka shimfiɗa tituna, har lissafin kuɗin shiga na kowane mutum ya shiga sahun gaba a Afirka. To amma lissafi ba tuwo ba ne. Yawancin abincin kasuwar Malabo daga waje yake zuwa, musamman Kamaru, a 2017 kotun Faransa ta sami ɗan Obiyang da laifin wawure dukiyar jama'a, man kuma sai raguwa yake yi. Kokon bai taɓa komawa inda yake ba.

Wannan darasi ne ga Kebbi, wadda ba ta da rijiyar man da za ta fake da ita, shinkafa ce dukiyarta. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Nuwamba 2015, ga kamfanin casar shinkafa na Labana, ga na WACOT a Argungu. Sai dai injin casa ba ya dashe, ba ya girbi. Manomin fadamar Rima da ke tsoron 'yan bindiga, ko wanda ruwa ya cinye gonarsa ba a waiwaye shi ba, zai tattara komatsansa ya tafi ci-rani. Ya kamata gwamnatin jiha ta fara tsare masa ransa da gonarsa kafin ta ƙirga buhuna.