Shugaban da Ya San Kansa: Darasi Daga Nelson Mandela

Idan za a naɗa monita ko firifet a makaranta, abin da aka fi dubawa shi ne wa ke da murya, wa ɗalibai ke shakka. Ba a cika tambaya ko ya san kansa ba. Alhali duk wanda zai tafiyar da mutane, ko aji ne ko kamfani ko ƙasa, jarinsa na farko abu biyu ne: ya san ƙarfinsa da rauninsa, sannan ya kasance yana da ɗabi'un da ba ya sauka daga kansu komai wuya. Mulkin Nelson Mandela na Afirka ta Kudu ya nuna yadda waɗannan biyun suke aiki.

An saki Mandela a 1990 bayan shekara 27 a kurkuku, aka rantsar da shi shugaban ƙasa ranar 10 ga Mayu, 1994, yana da shekara 75. Lauya ne kuma ɗan gwagwarmaya, amma bai taɓa riƙe ko da ma'aikata ɗaya ta gwamnati ba, ga kuma tsufa. Bai ɓoye wa kansa wannan ba. Sai ya bar yawancin ayyukan yau da kullum a hannun mataimakinsa Thabo Mbeki, wanda ya karanci tattalin arziki a Ingila. Shi kuma ya fuskanci abin da ya fi kowa iyawa, wato sasanta baƙar fata da farar fata bayan mulkin wariyar launin fata. A 1999 ya sauka bayan wa'adi ɗaya, duk da tsarin mulki ya ba shi damar neman na biyu. Sanin kai ke nan: mutum ya gane inda zai tsaya, ya miƙa sauran ga wanda ya fi shi.

Sai batun ɗabi'u. Mandela ya yi imani da yafiya da daidaito a gaban doka, kuma an gani a aikace. Wata matashiya farar fata mai suna Zelda la Grange, da ke buga takardu a ofishinsa, ita ta zama sakatariyarsa. A 1995 ya shiga filin wasan zari-ruga a Johannesburg sanye da rigar ƙungiyar Springbok, rigar da baƙar fata da yawa suke ɗauka alamar masu zaluntarsu ce. A 1998 kotu ta kira shi ya ba da shaida, yana kan mulki, ya je da ƙafarsa. Ya kuma ware kashi ɗaya cikin uku na albashinsa don asusun taimaka wa yara.

Me ya sa wannan ke gyara aiki? Shugaban da bai san rauninsa ba yakan tattara komai a hannunsa, aiki ya tsaya, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda kuma ba shi da abin da ya riƙe, hukuncinsa yana canzawa gwargwadon wanda ke gabansa. Da zarar na ƙasa sun lura da haka, sai su daina gyara aikinsu, su koma neman fada.

'Yan'uwa ɗalibai, a ajinmu ma haka abin yake. Monitan da ke rubuta sunayen masu surutu amma ya tsallake abokinsa ya zubar da girmansa, ko da ba wanda ya tanka. Firifet ɗin da ya san yana da saurin fushi, gara ya jinkirta hukunci har ya huce. Shugaban ƙungiyar da bai iya lissafi ba, ya bar kuɗin a hannun ma'aji, ya riƙa neman bayani a gaban kowa.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kafin ka karɓi muƙami, samu wanda zai faɗa maka gaskiya, malami ko aboki, ka tambaye shi inda kake da rauni, ka saurara ba tare da musu ba. Sannan ka yanke wa kanka abin da ba za ka taɓa yi ba, ko da muƙamin zai tafi.