A kai wa tsofaffinmu Sallah har ɗakin jinya

Duk ranar 14 ga Fabrairu, matasa a manyan birane kan yi musayar kyaututtuka da sunan ranar masoya, bikin da ya zo daga Turai. Malamanmu sun sha bayyana cewa Musulmi yana da nasa bukukuwan. Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (SAW) ya iske mutanen Madina da ranakun wasa biyu, sai ya sanar da su cewa Allah Ya musanya musu da mafi alheri, wato ƙaramar Sallah da babbar Sallah. A waɗannan ranaku muke nuna ƙauna da zumunci, amma sau da yawa wanda ya fi cancantarsu shi ake bari a baya: tsoho ko tsohuwar da ke kwance a gida.

Ranar Sallah gida kan watse. Maza sun tafi Idi, yara sun fita yawon Sallah, mata suna fama da girki. Kaka da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar tana jin kabbarori daga nesa, babu mai zama kusa da ita. Alhali Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, ta ambaci lokacin tsufan iyaye musamman, ta hana ko da furucin ƙosawa gare su, ta kuma yi umarni da tausasa musu.

A shekara ta 8 bayan Hijira, ranar buɗe Makka, Sayyidina Abubakar ya jawo mahaifinsa Abu Ƙuhafa, tsoho wanda ya makance, zuwa wurin Annabi (SAW). Sai Annabi ya nuna cewa da ma ya bar dattijon a gida, shi ya je ya same shi. Darasin a fili yake. Idan tsoho ya kasa zuwa wurin taro, taron ne zai je wurinsa.

Mu fara tun daren jajibere. A ɗinka masa sabon kaya mai sauƙin sawa, a sa wa Hajiya lalle, a turara ɗaki idan hayaƙi ba ya tayar mata da tari. Da an sauko daga Idi, maigida ya fara shiga wurinsu kafin zaure ya cika. A bar jikoki su shiga su yi wasan kaka da jika, a kuma ba tsohon sababbin kuɗi ya raba musu barka da Sallah da hannunsa, domin ya ji har yanzu shi ne babba a gidan. Wanda ke nesa ya bugo waya, ya furta ƙaunarsa da baki, kamar yadda hadisin Tirmizi ya koyar cewa wanda ke son ɗan'uwansa ya sanar da shi.

Murna kada ta sa a manta da jinya. Lokacin shan magani ba ya canzawa don Sallah. Mai ciwon suga a kiyaye shi daga lemon kwalba da alkaki, mai hawan jini a rage masa gishiri, wanda haƙora suka zube a yi masa farfesu mai laushi. Wanda ba ya iya motsi a riƙa juya shi kamar duk bayan awa 2, gudun gyambon kwanciya. Masu gaisuwa su shiga kaɗan-kaɗan. Idan mantuwa ta kama shi, a faɗa masa suna tun daga ƙofa, a daina tsare shi da “Baba, ka gane ni?”

A taimaka masa kuma ya yi sallolinsa. Hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya sauƙaƙa wa mara lafiya ya yi salla a zaune, in ya kasa ya yi a kishingiɗe.

Sannan mu tuna da mai jinyar, wadda galibi ’ya ce ko suruka. Ita ma tana da iyaye da dangi. ’Yan'uwa su karɓe ta na yini guda ta je ta yi zumunci, a haɗa mata da kyauta da godiya.

Muslim ya ruwaito gargaɗin Annabi (SAW) ga wanda ya riski iyayensa a tsufansu amma bai shiga Aljanna ba. Babu wanda ya san ko tsohon gidansa zai ga Sallar baɗi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu rabu da iyayenmu suna masu sa mana albarka.