Yadda Kujerar Shugabancin Afirka Ta Kuɓuce Wa Sudan A Khartum

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa kuri'a ce kawai ke naɗa shugaban Tarayyar Afirka. Abin da ya auku a Khartum cikin Janairun 2006 ya nuna akwai abin da ya fi kuri'a nauyi.

Kujerun biyu ne. Akwai shugaban Hukumar Tarayya mai ofis a Addis Ababa, wanda shugabannin ƙasashe ke zaɓa a asirce na shekara 4, kuma sai ya sami kashi biyu cikin uku na kuri'u. Sannan akwai shugaban Tarayyar kanta, ɗaya daga cikin shugabannin ƙasashe, mai riƙon shekara guda. Wannan karɓa-karɓa ce tsakanin shiyyoyi 5 na nahiyar, kuma galibi da shawara ake daidaitawa a bayan labule.

Tsohuwar al'ada ita ce mai masaukin baƙi ya hau kujerar. Haka Ja'afar Numairi ya shugabanci tsohuwar ƙungiyar OAU bayan taron Khartum na 1978. Da wannan hujja Umar al-Bashir ya sa ran gadon Olusegun Obasanjo.

Sai dai Darfur tana ci da wuta. Sojojin Tarayyar ne ke aikin tsaron zaman lafiya a can, kuma a ƙarƙashin inuwarta ake zaman sulhu a Abuja tsakanin gwamnati da 'yan tawaye. Ko ɗalibin da bai wuce Risala ba ya san alƙali ba ya yanke hukunci a shari'ar da yake ɗaya daga cikin masu jayayya. A ganina wannan hujja ta fi ta al'ada ƙarfi, ko da yake matsin ƙasashen Yamma ma ya yi tasiri. Bayan doguwar muhawara aka miƙa kujerar ga Denis Sassou Nguesso na Kwango, tare da alkawarin cewa baɗi ta Sudan ce.

Baɗin ta zo, yaƙin bai lafa ba. A Addis Ababa cikin Janairun 2007 aka ba John Kufuor, da dalilin cewa Ghana na cika shekara 50 da samun 'yancin kai. Al-Bashir ya sauka daga mulki a 2019 bai taɓa hawa kujerar ba, kuma a Oktoban 2021, bayan juyin mulkin soja, Tarayyar ta dakatar da Sudan daga harkokinta.