Ga goyo ga ciki a ƙasar mutane: abin da ya kamata ƴan kasuwar Gaya su sani

Duk wanda ya san garin Gaya ya san cewa da wuya ka shiga gida uku ba ka tarar da wanda ɗansa ko ɗiyarsa ke zaune a wata ƙasa ba. Wani yana Malanbil, can ƙetaren kogi, wani yana Kamba ko Birnin Kebbi, wani kuma fatauci ya kai shi har Kwatano, Lome ko Abijan. A da magidanci shi kaɗai yake tafiya ci-rani, ya dawo kafin faɗuwar damina. Yanzu kuwa da yawa sun ɗauki iyalansu sun tare can, matan ma sun kafa tasu sana'a, wata tana sarin albasa, wata atamfa, wata kuma tana tuwon sayarwa a bakin tasha.

To a irin wannan zama ne mace kan wayi gari da ƙaramin yaro wanda bai daɗe da fara tafiya ba, ga kuma ciki ya shiga. Babu uwa kusa, babu gwaggo, babu kakar da za a kai wa yaro yaye. Mai karatu, wannan matsala ba ta bar kowa ba, har Turawan da ke zuwa aiki ƙasashenmu da iyalansu, domin tambayoyin iri ɗaya ne: ina za a haihu, wa zai riƙe babban yaro, kuma jaririn da za a haifa ɗan wace ƙasa ne?

Iyaka ba kullum take buɗe ba

Abu na farko da ya kamata mai ciki ta sa a ranta shi ne, hanyar gida ba ta da tabbas. Shekara da shekaru mutanen Gaya sun saba ɗaukar Malanbil tamkar wata unguwa, a hau kabu-kabu a ƙetare gada a yi cefane a dawo kafin azahar. Yarjejeniyar Sedeyawo ta shekarar 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba biza har tsawon kwana 90.

Amma mun ga yadda abubuwa suka juya. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma, takunkumin Sedeyawo ya sa aka datse gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris na wannan shekara, amma gadar ta ci gaba da zama a rufe ta ɓangaren Nijar har cikin shekarar 2025, jama'a suka koma ƙetarewa da kwale-kwale. Sannan a ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar daga Sedeyawo ta tabbata.

Saboda haka matar da ta ce sai naƙuda ta kusa za ta taho gida, ta ɗora ranta da na jaririnta a kan abin da ba ya hannunta. Shiga kwale-kwale da tsohon ciki, da goyo a baya, da kaya a ka, musamman lokacin da kogi ya cika, ba abin wasa ba ne. In an yanke shawarar haihuwa a gida, a taho da wuri, tun ciki yana wata 7. In kuma a can za a haihu, to tun yanzu a san asibitin da za a je, da mai abin hawan da za a kira in abu ya taso da tsakar dare. Masu tafiya ta jirgin sama, kamar ƴan kasuwar Dubai da masu zuwa Umra, su sani cewa yawancin kamfanonin jirage ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako 36, kuma da yawansu sukan nemi takardar likita tun daga mako 28.

Awon ciki da kuɗin asibiti

Hukumar Lafiya ta Duniya tun shekarar 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin ta haihu. A wurin awo ne ake gano hawan jini da ƙarancin jini, a yi allurar rigakafin sandarewar jarirai, a kuma ba da ƙwayar kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wadda ake fara sha bayan wata 3 na farko, aƙalla sau 3, da ratar wata guda tsakani. Yankin Dandi ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, ga kogi ga fadamun shinkafa, don haka sauro ba ya yanke mana, kuma mai ciki da ƙaramin yaro su ne ya fi kayarwa.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne mace ta fara awo a Gaya, ta koma Malanbil ko Kamba ta bar karnenta a gida. Ungozomar can ba ta san me aka ba ta ba, ba ta san jininta ya taɓa hawa ba. Karnen awo ya zauna cikin jakar kuɗi, duk inda aka je da shi, domin ko da Faransanci aka rubuta shi, ma'aikacin lafiya na Najeriya zai gane lambobi da sunayen magani.

Game da kuɗi kuwa, kowace ƙasa da tsarinta. A Nijar tun shekarar 2006 doka ta ce awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitocin gwamnati, haka ma tiyatar fidda jariri, sannan a shekarar 2024 hukuma ta rage kuɗin asibiti da rabi, ta kuma ce haihuwa kyauta ce. Benin ta fara tiyatar fidda jariri kyauta a shekarar 2009. Sai dai kowa ya san cewa kyautar takarda ba ta hana a rubuta maka magani ka saya a waje in na asibiti ya ƙare. Don haka ƴar kasuwa mai hankali takan ware wani abu daga cikin adashinta, ta ce wannan na haihuwa ne, ba a taɓa shi don sarin kaya.

Akwai alamomin da ba a jiran gari ya waye a kansu: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannaye, zazzaɓi mai zafi, jijjiga, ko naƙudar da ta wuce awa 12. Doguwar naƙuda ita ce ke jawo yoyon fitsari. Gaya tana da asibitin gunduma, Doso tana da cibiyar kula da uwa da yaro, Malanbil ma tana da babban asibitin yanki. Wanda ya fi kusa shi ne naki, ko a wace ƙasa yake.

Kada a manta da na goye

Hausawa na da sunan wannan hali, wato kwanika, kuma an saba da zarar an gane ciki ya shiga sai a cire yaro daga nono rana ɗaya, wai nonon ciki guba ne. Likitoci ba su yarda da wannan ba. Matar da cikinta ke lafiya za ta iya ci gaba da shayarwa, muddin tana cin abinci isasshe. Abin da ke kayar da yaro shi ne yayen gaggawa, a raba shi da nono a bar shi da kunu tsararo.

Wannan ba sabon abu ba ne. Wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar Gana zamanin mulkin Turawan Ingila, ita ce ta bayyana wa duniya wata cuta ta yara a shekarar 1933, daga baya a 1935 ta kira ta da sunan da ƙabilar Ga ta birnin Ankara ke kiranta, wato kwashiyoko. Ma'anar sunan ita ce ciwon da ke kama yaron da aka ture saboda zuwan ƙanensa. Alamominsa su ne kumburin ƙafafu, jan gashi da rashin kuzari. Maganin hana shi kuwa yana cikin kasuwarmu: wake, ƙuli-ƙuli, ƙwai, kifin kogi, zogale da ɗan mai a cikin kunu, a ba yaro sau 4 ko 5 a yini, a kwanonsa shi kaɗai, ba cikin na manyan yara ba.

Sai batun allura. Ta ƙyanda da ta shawara ana yin su ne da wata 9, kuma tun shekarar 2016 takardar rigakafin shawara ta zama ta har abada, ba a sabunta ta. A watan Satumba 2024 a nan Gaya aka ƙaddamar da rigakafin zazzaɓin cizon sauro na ƙasar Nijar. Benin ta fara nata a watan Afrilu na wannan shekara, Najeriya kuma a watan Disamba, inda ta fara da jihar Kebbi maƙwabciyarmu da jihar Bayelsa. Wannan allura sau 4 ake yin ta, don haka yaron da aka fara wa a Gaya aka tafi da shi, a nuna karnensa a can a tambayi yadda za a cika masa. Allurar ba ta maye gurbin gidan sauro ba.

Haka kuma tun ciki bai tsufa ba a san hannun da za a bar yaro ranar haihuwa. A zangon Kwatano ko na Lome ba a rasa ƴan gari, kuma maƙwabciyar da yaro ya saba da ita tun da wuri ta fi baƙuwar da za a kawo ranar. In an kawo ƙanwa daga gida don taya aiki, a tuna ita ma ɗiyar wani ce, kada a fidda ta daga lakwal saboda raino. Maigida ma yana da nasa rabo: ɗaukar ruwa, kai yaro allura, da raka matarsa awo ba su rage wa namiji komai.

Jaririn ɗan wace ƙasa ne?

Nan ne mutane da yawa ke yin sakaci, sai bayan shekaru abin ya dawo musu. Ana zaton duk inda aka haifi yaro nan ce ƙasarsa, alhali ba haka ba ne a ƙasashe da yawa. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya rataya zama ɗan ƙasa ne ga iyaye ko kakanni, haihuwa a Kamba ita kaɗai ba ta isa ba. A Nijar yaron da aka haifa a waje ɗan ƙasa ne in ubansa ɗan Nijar ne, kuma tun gyaran dokar 1999 uwa ma tana ba ɗanta ƙasa. Gyaran 2014 kuma ya halatta riƙe ƙasa biyu.

Ko Ingila haka abin yake. Tun 1 ga Janairu 1983 haihuwa a can ba ta ba yaro ƙasa sai in ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasar ne ko mai izinin zama na dindindin. Baturen Ingila da aka haifa a gida, in matarsa ta haihu a Yamai ko Abuja, ɗan ya gaji ƙasar ubansa, amma shi wannan ɗa in ya girma ya haihu a waje, nasa ɗan ba ya samun ta kai tsaye. Sannan asibitin gwamnatinsu na kyauta na mazauna ƙasar ne, wanda ya ƙaura waje in ya koma haihuwa kawai ana iya cajinsa kuɗi. Ke nan su ma sai sun zauna sun yi lissafin da muke yi.

Amma haƙƙin da ba takarda kamar bashi ne ba shaida. Dokar Nijar ta 1 ga Yuli 2019 ta ba da kwana 60 don a bayyana haihuwa. Najeriya ma kwana 60 ne, a ofishin hukumar ƙidayar jama'a. Wa'adin Benin ya fi namu gajarta, don haka wanda ya haihu can kada ya ce sai bayan arba'in. Abin yi shi ne a karɓi takardar shaida daga asibitin da aka haihu, a yi rajista a hukumar garin, sannan a kai ofishin jakadancin Nijar, kamar na Kwatano, na Abuja ko ƙaramin ofishin Kano. A duba da kyau a ga an rubuta sunan uba da na uwa daidai da yadda suke a katinsu na ɗan ƙasa, domin Bafaranshe da Baturen Ingila ba sa rubuta sunayenmu iri ɗaya, kuma bambancin harafi guda kan hana yaro fasfo.

Wanda ya bari wa'adi ya wuce sai ya bi ta kotu da shaidu, ga ɓata lokaci ga kashe kuɗi. Yaron da ba shi da takardar haihuwa yana iya zama a aji shekara 6, ranar jarrabawa a ce babu sunansa. In ya girma ba katin ɗan ƙasa, kowane shingen jandarma sai ya sauka daga mota. A Kodebuwa akwai dubban mutane, jikokin ƴan ci-rani, da suka tashi babu ƙasar da ta san da su, abin da ya sa ƙasashen Afirka ta Yamma suka sa hannu kan sanarwar Abijan a watan Fabrairu 2015 don magance matsalar.

Bayan an sauka lafiya

Masana lafiya na ba da shawarar mace ta huta shekara 2 bayan haihuwa kafin ta ɗauki wani ciki, wanda ya zo daidai da shekara biyun shayarwa da muka gada a addini da al'ada. Wadda kwanika ta riga ta same ta ba abin zargi ba ce, amma kafin ta bar asibiti tana iya zama da ungozoma, ita da maigidanta, su tattauna yadda za a ba da tazara nan gaba. Kuma kada sauri ya sa mai jego ta koma ɗaukar buhu a kasuwa tun jikinta bai koma ba, rumfa tana iya jira ko a bar wa amintacciya.

Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin cewa ba a loda mota sai takardun duwan sun cika, kuma ba a kama hanyar Kwatano ba guzuri. Ɗan mutum ya fi kowane kaya daraja. Karnen awo, karnen allurar yaro, kuɗin ko-ta-kwana da takardar haihuwa, waɗannan huɗu su ne guzurin duk matar da ke ɗauke da goyo da ciki a ƙasar mutane. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuriya, ya kuma dawo da matafiyanmu gida cikin alheri.