Histamin: sinadarin da ke hura wutar kumburin hanji, yake kuma kashe ta

A watan Yunin 2024, ƙungiyar agaji ta likitoci MSF da ma'aikatar lafiya ta jihar Zamfara sun auna yara sama da 97,000 'yan ƙasa da shekara biyar a yankunan Shinkafi da Zurmi, inda suka gano cewa ɗaya cikin kowane huɗu na fama da tamowa.

Da daminar 2025 kuma cutar amai da gudawa ta ɓarke a jihar, kuma asibitocin da ƙungiyar ke tallafa wa a Zurmi da Shinkafi na cikin waɗanda suka karɓi ɗaruruwan marasa lafiya.

Matsalolin biyu dai a wuri guda suke haɗuwa, wato cikin hanji. Yaron da ke yawan zawo hanjinsa kan kumbura, hanjin da ya kumbura kuwa ba ya tsotsar amfanin abinci yadda ya kamata, sai yaron ya rame, garkuwar jikinsa ta raunana, wani zawon ya sake samun hanya.

Daga cikin sinadaran da ke da hannu a wannan kumburi akwai histamin, wanda mutane da dama suka saba shan maganinsa ba tare da sanin sunansa ba. Duk wanda ya taɓa sayen Piriton a kemis saboda mura ko ƙaiƙayi ko borin jini, histamin yake ƙoƙarin dannewa.

Masu gadin hanji

A ƙarƙashin fatar da ta lulluɓe cikin hanji akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da likitoci ke kira mast. Wani ɗalibin likitanci Bajamushe, Paul Ehrlich, shi ne ya bayyana su a 1878. Da ya gan su a cike maƙil da wasu ƙananan ƙunsa-ƙunsa, sai ya ɗauka abinci ne suka tara, don haka ya laƙaba musu suna daga kalmar Jamusanci da ke nufin kiwon ƙiba, irin wanda ake yi wa ragon turka.

Daga baya aka gano cewa makamai ne ke cikin ƙunsa-ƙunsan, kuma histamin na daga cikin manyansu. A 1910 Henry Dale da Patrick Laidlaw suka bayyana a Ingila irin abin da sinadarin ke yi wa jiki.

Idan tsutsar ciki ko wata ƙwayar cuta ta taɓa bangon hanji, ƙwayoyin mast kan zubar da histamin nan take. Ƙananan jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya kwararo cikin hanji, majina ta ƙaru, naman hanjin ya riƙa matsewa da ƙarfi. Manufar jiki ita ce ya wanke abin da ya shigo, ya tura shi waje. Abin da mai jinya ke gani shi ne zawo da murɗar ciki.

Ƙofofi huɗu

Histamin ba ya yin aiki sai ya sami ƙofar shiga a jikin ƙwayar da ya nufa, kuma ƙofofin da aka sani guda huɗu ne: H1 da H2 da H3 da H4. Abin da zai faru ya danganta ne da ƙofar da ya ƙwanƙwasa.

H1 ita ce ta ƙaiƙayi da atishawa, a hanji kuma tana sa jijiyoyin jin zafi su ƙara kaifi. H3 galibi a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi take aiki.

H4, wadda ba a gano ta ba sai a shekara ta 2000, ita ce ta fi jan hankalin masu binciken kumburin hanji, domin a jikin ƙwayoyin garkuwa aka fi samun ta. Aikinta kamar na mai shela ne: tana kirawo ƙarin ƙwayoyin mast da wasu fararen ƙwayoyin jini zuwa inda abin ya faru. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018 ya nuna cewa a jikin ɓerayen da aka jawo wa kumburin babban hanji, histamin ta hanyar H4 ya janyo tarin fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil, waɗanda suka ƙara lalata bangon hanjin. A nan dakarun da aka kira domin kare gari su ne suka rushe ganuwa.

H2 kuwa labarinta daban ne. A tumbi ita ce ke sa a fitar da ruwan tsamin da ke narkar da abinci, amma a jikin wasu ƙwayoyin garkuwa umarnin da take bayarwa shi ne a sassauta. Masu bincike a birnin Houston na Amurka sun nuna a 2015 cewa wani nau'in bakteriya mai amfani, Lactobacillus reuteri, na samar da histamin da ke rage kumburin hanjin ɓeraye ta wannan ƙofa, kuma da aka toshe ƙofar da magani sai amfanin ya gushe.

Wannan ya fito da wani batu da a da ba a mayar da hankali a kai ba: ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanji su ma suna ƙera histamin. A 2022 masana a jami'ar McMaster da ke Kanada suka ba da rahoton cewa bakteriyar Klebsiella aerogenes, wadda suka samu a hanjin wasu masu fama da ciwon ciki mai naci, na fitar da shi da yawa, kuma a jikin ɓeraye hakan ya tara ƙwayoyin mast ta hanyar H4, ya ƙara musu jin zafi.

Akasarin waɗannan sakamako dai daga ɓeraye aka samo su, kuma har yanzu babu wani maganin toshe H4 da hukumomin magunguna suka amince a sayar.

Me hakan ke nufi a arewacin Zamfara?

Amai da gudawa ba histamin ne ke haddasa ta ba. Gubar ƙwayar cutar ce ke tilasta wa hanji zubar da ruwa da gishiri, ko da yake wani bincike da aka yi a Bangaladash a 2004 ya gano ƙaruwar ƙwayoyin mast a hanjin masu cutar. Inda histamin ya shigo batun kai tsaye shi ne ta wajen magungunan olsa.

Bayan da James Black ya tabbatar da samuwar H2 a 1972, an fito da maganin cimetidine a 1976, sannan ranitidine ya biyo baya, dukkansu suna rage ruwan tsamin tumbi ta hanyar toshe wannan ƙofa. Aikin na cikin abin da ya sa Black ya sami kyautar Nobel a 1988. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta nemi a janye ranitidine daga kasuwa a 2020, bayan an gano wani gurɓataccen sinadari a cikinsa da ake zargin yana jawo ciwon daji.

To amma ruwan tsamin nan shi ne shingen farko da ke kashe ƙwayoyin cuta kafin su isa hanji. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka a shekarun 1970 sun nuna cewa idan aka rage tsamin, ƙwayoyin kwalara da ake buƙata kafin mutum ya kamu kan ragu ninki dubbai. A Italiya ma an gano a 2006 cewa yaran da ke shan magungunan rage tsamin sun fi kamuwa da zawo.

A garuruwa irin su Ƙaura Namoda, inda jama'ar ƙauyuka da dama suka sami mafaka saboda hare-haren 'yan bindiga, kuma kusan duk wani ciwon ciki ake kiransa olsa, wannan ba ƙaramin abin lura ba ne. Shan irin waɗannan magunguna tsawon makonni ba da umarnin likita ba, a wurin da ruwan sha ba shi da tabbas, kasada ce da ba kowane mai kemis ke sanar da mai saye ba.

Haka kuma Piriton da danginsa H1 kawai suke toshewa. Ba su warkar da kumburin hanji, suna kuma sa barci, abin da kan iya ɓoye galabaitar yaron da ruwan jikinsa ke ƙarewa. Akwai gwajin da aka yi a birnin Leuven na Beljiyam a 2016 da ya nuna cewa maganin ebastine, wanda shi ma H1 yake toshewa, ya rage ciwon ciki ga wasu manya, amma ba masu zawon da ƙwayar cuta ta kawo ba ne.

Akwai kuma histamin da ke shiga ta baki. Kifin ƙanƙara irin su titus, idan ya daɗe babu sanyi saboda ɗaukewar wuta, bakteriya kan tara histamin a namansa, kuma dafuwa ko suya ba su kashe shi. Cikin ƙasa da awa guda mutum kan ji fuska na zafi, kai na ciwo, ga zawo. Lafiyayyen hanji na da sinadarin da ke rusa wani ɓangare na histamin ɗin abinci, amma bangon ƙaramin hanji ne ke samar da shi, don haka yakan ragu idan bangon ya lalace.

Ga yaro mai zawo, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka bayar tun 2004 ita ce ruwan gishiri da sukari, tare da ƙwayar zinc miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba, sannan a ci gaba da shayarwa da ciyarwa. Zawo mai jini, ko wanda ya kai mako biyu, asibiti yake buƙata, domin atini da tarin fuka na hanji da kumburin hanji mai naci kan yi kama da juna, kuma maganin kowanne daban ne.