Karatu kyauta ne, amma wa zai sayi takalmi da littafi?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadar wa kowane yaro a Najeriya karatun shekara tara kyauta: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Hukumar UBEC na karɓar kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kaso mai tsoka daga cikinsu kuma kan tafi ga gina ajujuwa da samar da kujeru.

Yunifom, takalmi, littattafan rubutu da kalaci suna wuyan iyaye. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ƙaramin manomi a Kwali ko Abaji kan zaɓi wanda zai tura aji cikin 'ya'yansa, da wanda zai ɗauki farantin talla. Sau da yawa 'ya mace ce ke ɗaukar farantin.

Wannan giɓin ne masallatai, coci-coci da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai ke ƙoƙarin cikewa. Sai dai rabon jakunkuna na yini ɗaya a watan Satumba, a ɗauki hoto a watse, ba ya kai yaro aji shida. Littafi kan cika kafin ƙarshen zango, takalmi kuma ya tsinke.

Tallafin da ke ɗorewa shi ne mai bi ta hannun shugaban makaranta, wanda ya san halin da gidajen ɗalibansa ke ciki, ana sabunta shi kowane zango, ana duba rajistar halarta. Ma'aikatan ofishi guda, idan suka riƙa haɗa abin da ya sawwaƙa a ƙarshen wata kamar adashi, za su iya ɗaukar nauyin wasu yara har su kammala firamare.