Uwargida, Kada Ki Kori Mai Tambaya

 Yau maganarmu a kan tambayoyin yara ce, irin waɗanda sukan jefo miki kina tsakiyar tuƙa tuwo, ke kuwa ki ce, "Kai, tafi can, ka cika surutu!" To, uwargida, Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Yaron da aka saba kora duk sa'ad da ya yi tambaya, wata rana zai daina yi, a gida da makaranta baki ɗaya. Ga kaɗan daga cikin tambayoyin nan da amsoshinsu, don ki sami abin faɗa masa.

Wane ne Namoda da ake kiran gari da sunansa? Jarumi ne daga cikin Fulani Alibawa na ƙasar Zurmi, ya yi suna a jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, yana kuma cikin shugabannin yaƙin da aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Ƙaura kuwa sarauta ce ta shugaban mayaƙa a ƙasar Hausa. In yaron ya ƙara da cewa me ya kawo hanyar jirgin ƙasa garin, ki ce masa gyaɗa da auduga. Don kwasarsu aka shimfiɗo ta daga Zariya, ta biyo ta Funtuwa da Gusau, ta iso Ƙauran Namoda a 1929, nan kuma ta tsaya.

Kasuwar Shinkafi ranar Alhamis take ci, to mene ne ma'anar Alhamis? Sunan daga Larabci muka aro shi, ma'anarsa ta biyar. Lahadi ta ɗaya ke nan, Litinin ta biyu, Talata ta uku, Laraba ta huɗu. Kin ga ashe ƙidaya muke yi kullum ba mu sani ba.

Sai mu shigo cikin gida. Me ya sa ruwan randa yake sanyi, na bokitin roba kuwa ya zama kamar na wanka? Jikin randa yana da 'yan ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Ruwa yakan tsattsafo ta cikinsu, iska ta busar da shi, yana bushewa yana tafiya da zafin na ciki, kamar dai yadda gumi yake sanyaya jikinki. Shi ya sa ba a shafa wa randa fenti, kuma ta fi sanyi a inuwa inda iska take kaɗawa. Da wannan hikima ce Malam Muhammad Bah Abba, wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Tumatir da yalo da alayyafo sai su yi kwanaki ba su lalace ba. Har lambar yabo ta Rolex aka ba shi a shekarar 2000. Ki gwada da bazara, ki riƙa jiƙa yashin safe da yamma.

Ta ƙarshe ita ce mafi nauyi. Da me ake yin kwalli? Galibin baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa yana ɗauke da dalma, dalma kuwa guba ce. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da ƙurar dutsen zinariya mai haɗe da dalma, wanda ake niƙawa a cikin gidaje, ta hallaka yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, nan Jihar Zamfara. Ta kwalli ba ta kai wannan yawa ba, amma jariri yakan murza ido ya kai hannu baki, a hankali ta taru a jikinsa, ta taɓa ƙwaƙwalwarsa, ya girma karatu yana ba shi wuya. Saboda haka ki bar idon jinjiri yadda Allah ya yi shi, in ya yi ciwo a kai shi asibiti. Rigakafi ya fi magani.

Ku kuma 'yan makaranta, kada kunya ta hana ku ɗaga hannu a aji. Abin da malama ta amsa muku, ku kawo wa iyayenku mata gida. Ke uwargida, in tambaya ta fi ƙarfinki, ki ce, "Bari mu tambayi kakarka," ko malaminsa, ku nemo amsar tare.

Allah ya raya mana zuriya, ya yi musu albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.